Dutsen Dala a Cikin Kwalba

A tashar Bamako aka fara cutarmu, kuma ni na jawo mana. Kwana huɗu muka yi a hanya daga Kano kafin mu kai nan, ƙafafuna sun kumbura, bayana kamar an lakaɗa mini duka. Mu biyu ne, ni da Sagir. Ajinmu ɗaya a jami'a, inda muka karanta ilimin duwatsu da ma'adanai, kuma mu aka zaɓa mu je Dakar mu yi wata huɗu a hannun wani farfesa. Sharaɗin da aka gindaya mana tun daga gida shi ne, in wata huɗun sun cika, mutum ɗaya farfesan zai riƙe ya yi digiri na biyu kyauta, ɗayan ya kama hanyar gida.

Ni ban taɓa ɗaukar abin a matsayin gasa ba. Ni na zo na ɗaya a ajinmu. Ɗan Kabara ne ni, gidanmu gidan malamai ne tun daga kakanmu da ya zo daga Barno da gafakarsa. Sagir kuwa ɗan maƙeran Dala ne, da ƙyar yake tsallake jarrabawa, malamin da ke fita da mu daji ne kawai ya kafe sai an sa sunansa. Har na riga na gaya wa 'yan majalisarmu a ƙofar gida cewa kada su sa ran ganina nan kusa.

To, a tashar nan wani mutum ya tare mu, rigarsa fes, da littafin rasit a hannu. Na yi wata uku ina haddar Faransanci a littafi, sai na ga ranar amfaninsa ta zo. Sagir ya ja hannun rigata.

"Malam Habu, mu ga motar tukuna mana."

"Maƙeri, ka bar wa masu karatu wannan," na ce masa.

Mutumin ya nuna mana wata doguwar bas daga nesa, ya karɓi kuɗin motarmu, ya ce bari ya kira direba. Har yau bai dawo ba. Da muka zagaya bayan bas ɗin, ashe a kan bulo take zaune, babu taya ko ɗaya ta ɓangaren, har kaza ta yi ƙwai a ƙarƙashinta. Na zauna a kan jakata, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sagir ya ajiye jakarsa kusa da ni ya tafi. Ya yi ta zagaye tasha har ya tarar da wata babbar mota da sifirinta, ƙarfen da ke ɗauke da nauyinta, ya karye, wani tsohon maƙeri yana fama da shi shi kaɗai. Ba ya jin yarensu, ba sa jin nasa. Kawai ya tuɓe riga ya karɓi masaɓa, babbar gudumar maƙera. Kafin la'asar an ɗaura ƙarfen, direban ya ce mu hau kan buhunan albasa, zai kai mu har Dakar. Ina saman motar ina kallon direba da Sagir suna ta dariya a gaba da hannu da ka, sai na ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Ranar na fara jinsa, ban dai san sunan abin ba tukuna.

A garin Kayes, kan hanyar Dakar, zazzaɓi ya kwantar da ni. Ban taɓa ganin zafi irin na garin nan ba, mu da muke taƙama da ranar Kano. Sagir ya jiƙa rigarsa yana ɗora mini a ka, in ta bushe ya sake jiƙawa. Wata mata mai sayar da abinci a bakin hanya ta dafa mini ruwan wani ganye mai ɗaci, ta ƙi karɓar ko sisi. Na gode musu da baki, amma wallahi a raina haushi nake ji. Na fi so a ce shi ne a kwance, ni ne a tsaye.

Muka isa Dakar muna warin albasa. A wata unguwar masunta muka sami ɗaki, gidan wata tsohuwa da kowa ke kira Yaye Fatu. Daga tagarmu ana hango teku, ana kuma hango duwatsun da muka zo dominsu, guda biyu a jere a bakin ruwa, ɗaya da fitilar da ke nuna wa jiragen ruwa hanya a kansa. Ban saba da abincinsu ba, kullum shinkafa da kifi, kowa ya sa hannu a kwano ɗaya. Ina kewar tuwo da miyar kuka har in yi mafarkinsu. Sagir kuwa cikin sati biyu ya iya gaisuwar Wolof, ya gyara wa tsohuwar murhunta, ya wasa mata wuƙaƙen fiɗar kifi. In an zuba abinci sai ta riƙa ture tsokar kifi zuwa gabansa da yatsa. Ni ma tana ture mini, ban ce ba ta yi ba, amma ina lura nasa ya fi girma.

Farfesa Fal dogo ne, baƙi, siriri, yana jin Turanci, ba ya son yawan magana. Ranar farko ya hau da mu dutsen. Ya nuna mana cewa wurin nan da can aman wuta yake yi. Ga baƙin dutse mai nauyi, wanda narkakke ne ya kwararo ya daskare. Ga wani mai huji-huji kamar burodi, mara nauyi. Ga toka da ta danƙare ta zama dutse, hawa-hawa, kana iya ƙirga su da yatsa. In ka fasa baƙin, wani lokaci sai ka ga ƙwayoyi kore a ciki kamar fasasshiyar kwalba. Duk abin da ya nuna, kafin ya rufe baki na faɗi sunansa da yadda littafi ya ce. Yana gyaɗa kai, ni kuma ina satar kallon Sagir.

Da muka kai sama muka zauna shan iska, sai Farfesa ya ce, "Na ji an ce a tsakiyar garinku ma akwai dutse. Da me aka yi shi?"

Jama'a, Dala! Dutsen da nake gani kullum in na fito daga gida. Na san duwatsun ƙasashen da ban taɓa zuwa ba, amma ban taɓa tsugunawa na ɗauki tsakuwar Dala na duba ba. Hawansa ma sau biyu na taɓa yi, ina yaro, kuma da gudu na sauko don kada Malam, mahaifina, ya ji labari. Na fara kame-kame. Sai Sagir ya sa hannu a aljihu ya fito da wani dutse kamar ƙwan kaza, ja mai duhu, ya yi sulɓi saboda yawan riƙo.

"Ga shi nan, Farfesa. Saman Dala jan dutse ne, marmara, wannan kuma tama ce, ita kakanninmu suke narkawa su fitar da ƙarfe. Babana ne ya ba ni kafin ya rasu. Ya ce kakansa ne ya haƙo ta, ita ce ta ƙarshe da ta rage a gidanmu, don yanzu tsoffin ƙarafan mota muke ƙira da su."

Farfesa ya karɓa da hannu biyu. Ya auna nauyinsa a tafinsa, ya goga shi a bayan wani fasasshen faranti, ya bar jan layi kamar jini. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya tambayi Sagir yadda ake gina murhun narka tama. Suka yi kusan awa ɗaya suna magana. Ni ina gefe da digirina, babu wanda ya ko kalle ni.

Daga ranar komai ya karkata. An raba mana aiki, kowa da ɓangarensa na gindin dutsen ta bakin teku, ya zana taswirar duwatsun wurin. Ni ina aunawa, ina rubutawa, littafina tsaf kamar na alƙali. Sagir kuwa sai ka gan shi yana tafe yana ƙwanƙwasa dutse da guduma, ya karkatar da kai yana saurare, kamar mai sayen tukunya a kasuwa. Na yi masa dariya har na gaji.

"Maƙeri, me ya ce maka? Yana gaishe da mutan gida?"

"Malam Habu, zo ka ji. Wannan na saman ƙara yake yi, tas, tas. Na ƙasan nan muryarsa a dushe take. Ba tukunya ɗaya suka fito ba."

Na duba. Baƙi ne sama, baƙi ne ƙasa. Taswirar da ke ofis ma a matsayin abu ɗaya ta nuna su. Na ce masa ya daina wahalar da kansa. Amma da ya kai Farfesa wurin, sai ga dattijo ya tsuguna a cikin ruwa har gwiwa, yana ƙwanƙwasawa yana saurare shi ma. Ya ce shekara da shekaru yana wuce wurin nan. Ya ce in gwaji ya tabbatar cewa na ƙasan wani aman wuta ne daban da ya riga na saman, to sai an sake zana taswirar. Ya dafa kafaɗar Sagir ya ce, "Wa ya koya maka?"

"A maƙera, Farfesa, in ƙarfe yana da tsaga a ciki, kunne ne yake fara sani."

Kai! Ranar ko kusa da kwanon Yaye Fatu ban je ba. Hassada ce, yanzu na san sunanta, kuma ba zan yi mata kwalliya ba. In na ji dariyarsa a tsakar gida sai raina ya ɓaci. In na idar da salla na ɗaga hannu, sai in rasa abin da zan roƙa, don abin da nake so ba ya roƙuwa. Ina ta tuna majalisarmu ta Kabara, da yadda za a ce ɗan Malam ya dawo, ɗan maƙera aka riƙe.

Ga yadda gwajin yake. Ana ɗebo dutse, a farfasa shi, a zuba a injin niƙa ya zama gari, a ɗebi kaɗan a rufe a aika wata ƙasa inda na'urar take, ta faɗi abin da ke cikinsa. Sauran garin a adana a kwalba. Aikawa ɗaya za a yi kafin wa'adinmu ya cika. Da yake ni ne mai tsabtar aiki da kyan rubutu, ni Farfesa ya ba wa niƙan, nawa da na Sagir duka.

Sagir yana da ɗabi'a, in zai shiga wanka sai ya fito da dutsen babansa ya ajiye a kan taga. Ran nan da safe ya shiga, ina jin ƙarar ruwa yana ta waƙe-waƙensa. Ban shirya ba, ko in ce ban yarda na shirya ba. Na dai ga hannuna ya ɗauka ya sa a jaka. Ko jar ƙasar bakin titi na ɗiba ta isa ta ɓata masa gwaji, na san da haka. Amma ni dutsen nan nake jin haushi, tun ranar da Farfesa ya karɓe shi da hannu biyu.

A ɗakin gwaji na ɗora shi a kan ƙarfe na sauke masa guduma. Sau uku na buga kafin ya fashe. Na haɗa shi da baƙin dutsen Sagir na ƙasa, na kunna inji. Minti kaɗan ne. Garin da ya kamata ya fito ruwan toka ya fito da ja-ja. Na ɗebi na aikawa na liƙe, na tura kwalbar can ƙarshen durowa, na wanke injin har sau uku.

Da na koma gida na tarar Sagir ya fitar da komai na ɗakin waje. Katifa, jakunkuna, tabarma. Yaye Fatu tana share tsakar gida a hankali tana duba shara.

"Malam Habu, don Allah ba ka ga dutsen Baba ba?"

"Ina zan gan shi? Ƙila a bakin teku ka yar."

Har na taya shi nema, Allah Ya yafe mini. Sati guda yana zuwa bakin ruwa bayan an tashi aiki yana bin sawunsa. Ya rame. Ya daina waƙa a banɗaki. Wata rana muna cin abinci ya ce mini, "Ka san ban taɓa jin na bar gida ba sai yanzu." Na ce masa ya yi haƙuri, dutse ne kawai.

Sakamako ya iso saura kwana shida mu cika. Farfesa ya kira mu ofis, takarda a gabansa, fuskarsa a murtuke. Ya ce nawa duk sun fito daidai. Na Sagir na ƙasan kuwa shirme ne, ƙarfen da ke ciki ya wuce hankali, babu wani aman wuta a duniya da zai ba da haka. Ya ce in ɗauko kwalbar. Na je na kawo ta. Ya ɗaga ta a hasken taga ya ga launin, ya juyo gare ni.

"Ka wanke injin kafin ka niƙa wannan?"

"Na wanke, Farfesa."

"To daga ina jar ƙasa ta shiga?"

Sagir ya miƙa hannu ya karɓi kwalbar. Ya buɗe, ya zuba kaɗan a tafinsa, ya tofa ɗan yawu ya murza da babban yatsa. Jan layi ya fito. Ya daɗe yana kallon tafin nan. Sannan ya ɗago ya kalle ni, kallo ɗaya, ba na fushi ba, irin kallon da ake yi wa mara lafiya. Na jira ya faɗa. Wallahi da ya faɗa da na ji sauƙi.

"Ni ne, Farfesa," ya ce. "Ban kula da kayana yadda ya kamata ba."

Farfesa ya yi faɗa sosai, faɗan mutumin da aka ba kunya. Ya ce kunne baiwa ce, amma wanda ba zai iya tsare samfurinsa ba, ba za a damƙa masa aikin shekara biyu ba. Sagir yana tsaye kansa a ƙasa. Da aka gama ya ce yana roƙon abu ɗaya, a bar masa kwalbar. Farfesa ya ɗaga hannu, alamar ya ɗauka ya tafi.

Ni aka riƙe. Ranar da Sagir zai tafi na raka shi tasha, na ɗaukar masa jaka. Yaye Fatu ta yi kuka, ta ƙulla masa busasshen kifi a leda. Bai canza mini fuska ba. Ya ce in zan aika saƙo Kabara in ba shi, kuma ya kai, har da zama ya gaishe da Malam ya ce ina nan lafiya ina ƙoƙari.

Sai ga abin da ban zata ba. Sati na farko Farfesa ya kira ni ya ce maganar yaron nan ta hana shi sakat. Ya ce aikin digirina shi ne in koma gindin dutsen in bincika ko na ƙasan daban ne. Shekara biyu cur na yi a wurin, ruwan gishiri yana cin ƙafata, ina ɗiba, ina niƙawa, ina aikawa. In ba kowa a kusa nakan ƙwanƙwasa in karkatar da kai in saurara. Ban taɓa jin komai ba, duk ƙara ɗaya ce a kunnena. Amma na'ura ta ji. Duk gwajin da ya dawo, abin da Sagir ya faɗa da guduma shi yake faɗa. Aka sake zana taswirar, da sunana a ƙasa. Ranar da aka yi mini tafi na koma ɗaki na kwanta, Yaye Fatu ta ɗauka zazzaɓi ne.

Da na dawo Kano aka yi walima a gidanmu, aka yi ta kirana da sunayen da ban saba ji ba. Sai da na yi wata guda kafin na iya hawa adaidaita na ce a kai ni Dala. Na tarar Sagir ya zama abin nema, shi ake ɗauka ƙauyuka ya nuna inda za a haƙa rijiyar burtsatse, kuma an ce da wuya ya nuna a rasa ruwa. Ranar da ba ya fita yana maƙerarsu tare da yayyensa. Ina tsaye a bakin rumfar, mutum uku suka wuce, kowa sai ya rusuna ya ce, "Injiniya, barka da aiki." Abin nan ya sake motsawa a ƙirjina, bayan duk abin da na karɓe masa.

"A'a, Malam Habu! Saukar yaushe?" Ya ajiye masaɓa ya share mini benci da rigarsa.

Na fito da littafin digirina na buɗe masa shafin farko, inda na rubuta cewa shi ya fara gano abin. Ya karanta yana murmushi. Na fito da wani baƙin dutse da na ɗauko masa daga can. Ya ɗora shi a kan uwar maƙera ya ƙwanƙwasa sau ɗaya, ya karkatar da kai.

"Na ƙasan ne," ya ce.

"Na ƙasan ne. Sagir, akwai maganar da na zo da ita. Dutsen Baba..."

"Na sani, Malam Habu. Tun a ofis na sani."

"To me ya hana ka faɗa?"

"In faɗa a gaban baƙo? A ce mutum biyu suka zo daga Kano, ɗaya ya yi wa ɗaya haka? Kuma in dawo in kalli idon Malam in ce masa me?"

Na kasa ɗaga kai. Na ce ya yafe mini, ya ce ya daɗe da yafewa, kujerar karatun ma ba ta dame shi ba, ga shi Allah Ya ba shi tasa. Sai ya tashi ya shiga wani ɗan ɗaki a bayan rumfar. Ya fito da kwalbar nan, da rubutun hannuna a jikinta, ya ajiye a gabana.

"Abu ɗaya nake ta jira ka dawo in tambaye ka, tun da kai ka yi karatun, ka san na'urorin. Akwai wadda za ta iya raba su? Ta ware mini na Baba daban, ta mayar da shi dunƙule yadda yake?"

Ba gatse yake yi ba. Da gaske yake tambaya, yana kallon bakina. Na ɗauki kwalbar na juya ta, garin ya zame zuwa gefe, ja da baƙi sun zama abu ɗaya. Ta bayan kafaɗarsa ina hango Dala, mutane suna hawa matakala.

"Babu," na ce.

Ya gyaɗa kai. "To, shi ke nan." Ya karɓi kwalbar daga hannuna, ya goge ta da bakin rigarsa, ya mayar da ita ɗaki.